WARWARAR ZANCE: WA YA CE DA SU BANZA?

Duk wanda ya zauna ajin firamare a ƙasar nan ya haddace Hausa Bakwai da Banza Bakwai kamar yadda ya haddace ɗaya da ɗaya biyu. Malam ya rubuta a allo, yara su bi shi da rerawa: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Sa'an nan a juya ɗaya gefen: Zamfara, Kabi, Yawuri, Nufe, Gwari, Yarabawa, Kwararrafa. Mu 'ya'yan Katsina har wani daɗi muke ji, tunda dai sunan garinmu ya faɗo a layin kirki. Da wuya ka sami yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya ce da su banza, kuma laifin me suka yi?" In ma an samu, ƙila bulala ce za ta ba shi amsa.

To wannan tambayar nake so mu zauna a kanta yau. Akwai wata hanyar nazari da masana suka fito da ita wadda aikinta ke nan, wato ta tsaya a kan kalmar da kowa ya saba wucewa, ta tambaye ta daga ina ta fito, wa ta ɗaga, wa ta danne. Zan faɗi abin da hanyar take nufi a taƙaice, sa'an nan mu gwada ta a kan tarihinmu na Katsina, domin gani ya kori ji.

MECE CE WARWARA?

Turawa suna ce wa abin dikonstirakshan, kalma mai karya harshe. Ni dai zan kira ta warwara, don ita ta fi kusa da abin da ake nufi. Wanda ya yi suna da ita wani masanin falsafa ne mai suna Jak Derida. An haife shi a 1930 a birnin Aljas, lokacin Aljeriya tana hannun Faransa, iyayensa kuma Yahudawa ne. A 1940 gwamnatin Faransa ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta soke wa Yahudawan Aljeriya zama 'yan ƙasa, a 1942 kuma aka kore shi daga makaranta yana ɗan shekara 12, ba don ya faɗi jarrabawa ba. Jiya ɗan ƙasa, yau bare, alhali kuwa shi ɗin ne dai bai sake ba. Wanda ya ga irin haka tun yana yaro, ba abin mamaki ba ne in ya girma yana tuhumar kalmomin da ake raba mutane da su. Sunansa ya fara fitowa bayan wata lacca da ya yi a Amurka a 1966, a 1967 kuma ya fitar da littattafai har uku cikin shekara ɗaya. Ya mutu a Paris a 2004.

Abin da ya lura da shi shi ne, tunanin ɗan Adam yana tafiya da kalmomi biyu-biyu kamar kishiyoyi a gida ɗaya: ɗa da bawa, birni da ƙauye, namiji da mace, ɗan gari da baƙo, asali da kwaikwayo. Kuma ba a ajiye su daidai wa daida, kullum ɗaya ce mowa ɗaya bora. Misalin da shi ya fi kawowa shi ne magana da rubutu. Ya ce tun daga Aflatun masanan Turai suke ɗaukar maganar baki ita ce ta asali, rubutu kuwa inuwarta ce kawai, alhali duk wannan raini da suke yi wa rubutu a rubuce suka bar mana shi.

Mai warwara yakan fara da nemo waɗannan kishiyoyin a cikin zance. Daga nan sai ya duba ya ga ko mowar za ta iya tsayuwa in babu borar. Yawanci ba ta iyawa. Mu nan Batagarawa mun san wannan, don ɗan birni yakan ce mana ƙauyawa, amma geron da yake ci daga gonakin ƙauye yake fitowa, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da yake alfahari da ita ma a kan hanyar Dutsinma take, cikin ƙasarmu. Abu na ƙarshe kuma mafi wuya, sai ya bi zancen sannu a hankali har ya gano inda zancen da kansa ya yi tuntuɓe, ya faɗi abin da ya saɓa wa abin da yake son tabbatarwa. Ba a ɗauko hujja daga waje, daga bakin mai maganar ake cafke ta.

Duk wadda ta koyi ɗinki ta san bambancin yaga riga da farke ta. In wata riga ta burge ki kina son sanin yadda aka yanka ta, reza za ki ɗauka ki bi zaren a hankali har ƙyallayen su rabu, ki ga inda tela ya yi ƙari da inda ya ɓoye ƙarancin yadi. Rigar ba ta lalace ba, in kin so ki mayar. Mu da muke rubuta littattafan labarai mun san shi ma labari ɗinka shi ake yi, kuma tarihi ma hannun mutane ne ya ɗinka shi.

BARI MU FARKE LABARIN BAYAJIDDA

Ga labarin kamar yadda aka fi ba da shi. Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne, ya baro gida ya zo Barno, Mai na Barno ya ba shi 'yarsa Magira. Da zama ya ɓaci sai ya gudo da ita, ya bar ta a Garun Gabas da ciki, can ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera mashi wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ke rijiyar Kusugu. Ya je ya kashe macijiyar. Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, shi kuwa ya ce aurenta yake so. Daurama ta ba shi ƙwarƙwara Bagwariya, ta haifi ɗa aka sa mashi Karɓagari. Daga baya ita ma Daurama ta haihu aka sa wa nata Bawo. 'Ya'yan Bawo shida, cikinsu har da Bagauda na Kano da Kumayo na Katsina, in aka haɗa da Biram, su ne Hausa Bakwai. 'Ya'yan Karɓagari kuwa su ne Banza Bakwai.

Kishiyoyin da ke cikin wannan labari a fili suke: ɗan 'ya da ɗan ƙwarƙwara, na gaske da na banza, jarumi baƙo da mutanen gari da suka kasa. Yanzu sai mu bi zaren.

Da farko, an ce Bayajidda ne tushen Hausawa da sarautarsu. To amma me ya tarar da ya zo? Ya tarar da gari, da rijiya, da sarauniya a kan gado, kuma ita Daurama ba ita ce ta farko ba, don jerin sarakunan Daura ya lissafa mata da suka yi mulki kafin ita tun daga Kufuru. Wuƙar da ya yi aikin bajinta da ita ma maƙeran Gaya ne suka ƙera, ke nan akwai ƙarfe akwai sana'a. Sunan nasa kuma, masu ba da labari da yawa sun ce daga "ba ya ji da" aka samo shi, wato da can ba ya jin harshen. Kun ji fa. Uban Hausawa ba ya jin Hausa, mutanen da ya tarar su ne masu harshen. Labarin da ke son ya ce komai daga baƙo ya fara, shi ne kuma da bakinsa yake shaida cewa baƙon ya iske komai a shirye. Sarautar ma ta hanyar aure ta shiga gidansa, daga hannun mace.

Na biyu, dubi sunayen yaran nan biyu. Karɓagari shi ne babba, sunansa kuma gori ne, wai ya karɓe gari. Da Daurama ta haihu sai ta mayar da martani da Bawo, wato a bayo garin, a maido shi. Ashe sunan kakan Hausa Bakwai amsa ce ga sunan kakan Banza Bakwai. In ka cire Karɓagari daga labarin, sunan Bawo ya zama amsar da babu tambaya. Wannan shi ne abin da Derida yake nufi da cewa mowa ba ta tsayuwa sai ta jingina da bora. Kuma kada mu manta, Daurama ce da hannunta ta kawo Bagwariya gidan, yaran nan uba ɗaya suke.

Na uku, labarin ba fuska ɗaya gare shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infakul Maisuri na 1812, ya kawo ruwayar da ta ce Bawo bawan sarkin Barno ne, Gobirawa kaɗai aka keɓe aka ce su 'ya'ya ne, asalinsu daga Kibɗawan Misira. To ka ga a wannan ruwayar mu da muke taƙama da layin 'ya'ya mu ne jikokin bawa. Ƙasashe bakwai na biyu da Bello ya lissafa kuma akwai Borgu da Gurma a ciki, alhali a jerin da Baturen nan Barth ya buga a 1857 Gwari da Kwararrafa ne a wurinsu. Sunaye suna shiga suna fita, bakwai ɗin ce kawai ba ta motsi, kamar dai lambar aka fara riƙewa sa'an nan aka nemo masu cika ta.

Na huɗu, in maganar harshe ce ko ƙarfi, ina Zamfara da Kabi suka gaza? Bazamfare da Bakabe Hausa suke yi, ba su da wani harshen da ya wuce ta. A farkon ƙarni na 16 Kanta na Kabi ya ɓalle daga Askiya na Songhai ya gina birnin Surame, ya zama ƙarfin da ake tsoro a ƙasar Hausa, lokacin da Rano da Biram ba su wuce ƙananan masarautu ba.

To sai dai kada mai karatu ya ce ke nan labarin sharri ne kawai. Wannan labarin da ya ce da wasu banza, shi ne kuma ya sa Banufe da Bayarabe da Bagwari cikin gida ɗaya da Bakano da Bakatsine. Har gobe Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne, haka Gobirawa da Yarabawa, irin wasan da taubasai suke yi. Da hannu ɗaya labarin yana turewa, da ɗaya yana jawowa, kuma mai warwara dole ya ga hannayen duka biyu.

KUMAYO, KORAU DA KUSHEYIN DURƁI

Mu dawo gida. An ce Kumayo jikan Bayajidda shi ya kafa sarautar Katsina. Amma tarihin Katsina na baka ya ce zuriyar ta ƙare a kan Sanau, wanda Korau ya kayar a kokawa ya kashe. Korau kuwa mutumin 'Yandoto ne, garin malamai da ke kusa da Tsafe, yau yana cikin Jihar Zamfara. Masana sun sa zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Ke nan tun daga wannan lokaci sarakunan da suka yi mulkin birnin Katsina ba jikokin Bayajidda ba ne, in dai ruwayarmu ta gida za mu bi. Duk da haka ba wanda ya cire Katsina daga Hausa Bakwai. Fadar ma har yau Gidan Korau ake ce mata, takobinsa Gajere yana cikin kayan sarauta.

Gabas da birni, a ƙasar Mani, akwai Durɓi ta Kusheyi, inda manyan tuddan kaburburan sarakunan da suke. A 1907 Palmer, Baturen mulkin da ya zauna a Katsina, ya sa aka tona wasu, zamanin Sarki Dikko. A 1992 masu binciken kayan tarihi na Nijeriya da na Jamus suka sake tona wasu, aka sami kayan tagulla da na hauren giwa da wuri har da zinariya, mafi tsufansu sun kai wajen ƙarni na 13 zuwa na 14. Wannan ya nuna akwai masu mulki da dukiya a nan, masu hulɗar ciniki da ƙasashe masu nisa, tun kafin Korau.

Shi Palmer mutum ne mai son tattara tarihi, shi ya fassara Tarihin Kano zuwa Turanci a 1908, kuma ya buga labarin Daura cikin littattafansa na 1928. Amma da wani tabarau yake karatu. Shi da ire-irensa sun yi imani cewa baƙar fata ba ya kafa mulki da kansa, sai dai wani mai hasken fata ya zo daga gabas ko arewa ya kafa mashi. Saboda haka labarin Bayajidda ya yi masu daɗi ƙwarai. In dai kowace sarauta a ƙasar nan baƙo ne ya kawo ta, ai su da suka shigo Katsina da Gwamna Lugga a 1903 ba su yi wani sabon abu ba, layi kawai suka bi.

Wanda ya fara farke wannan ɗinkin sosai shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Bature ɗan Ingila da ya musulunta, wanda ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A wata maƙala da ya buga a 1970 ya nuna cewa mulki a ƙasar Hausa tsirowa ya yi daga ƙasa, daga gida zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni mai ganuwa, inda noma da ƙira da kasuwa da wuraren tsafi suka tara mutane iri-iri har suka bukaci sarki. Ko a Kano, Tarihin Kano da kansa ya ce Bagauda ya iske mutanen Dala da labarin Barbushe a wurin.

HAƁE DA FULANI

Akwai wasu kishiyoyin da suka fi waɗancan zafi, su ne Haɓe da Fulani. A makaranta an koya mana cewa sarakunan Haɓe suka yi mulki har 1807, sa'an nan Fulani suka ci su da yaƙi. Gaskiya ne a 1807 mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka karɓi birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohuwar zuriyar kuma ta yi arewa har ta kafu a Maraɗi. Ba wanda yake musun wannan. Tambayar ita ce, shin waɗannan kalmomi biyu sun isa su bayyana abin da ya faru?

Ita dai kalmar Haɓe ba Hausa ba ce, Fillanci ce. Tilonta Kaɗo, ma'anarta kuwa wanda ba Bafillace ba. Can ƙasar Mali ma Dogon da ke zaune a duwatsu da wannan sunan Fulani suke kiransu. Wato kalmar ba ta faɗa maka ko wane ne mutum, tana faɗa maka abin da ba shi ba ne kawai. Mutanen da aka kira da ita ba su suka raɗa wa kansu ba. Waɗanda suka tafi Maraɗi Katsinawa suke kiran kansu, sarkinsu kuma Sarkin Katsina.

In ka duba mutanen zamanin ɗaya bayan ɗaya sai ka ga layin ya karkace. Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, masanin hisabi da ya rasu a Alƙahira a 1741, sunansa kaɗai ya ce shi Bafillace ne kuma Bakatsine, shekara 63 kafin jihadi. Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da aka kai wa jama'arsa yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, Ba'are ne, Bahaushe. Yakubun Bauchi da ya karɓi tuta ba Bafillace ba ne. Malaman 'Yandoto kuma Musulmi ne masu karatu, amma suka ƙi bin jama'ar Shehu har aka yaƙe su. Nana Asma'u 'yar Shehu da Larabci da Fillanci da Hausa ta yi rubutu. Bayan an ci birni kuma, Kaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka suka ci gaba da zama sarautun fada, Hausa ta ci gaba da zama harshen fada.

Mutumin da ya fi kowa bin wannan zaren a tarihin Katsina shi ne marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗalibin Abdullahi Smith, wanda aka haifa a Musawa a 1945 ya rasu a 2005, Allah Ya jiƙansa. Jikan Sarki Dikko ne, ɗan gidan sarautar Sulluɓawa, wato da ya so da sai ya kwanta a kan labarin da ya ɗaukaka gidansu. A littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981, ya ƙi yarda a karanta tarihinmu a matsayin ƙabila ta ci ƙabila. Ya mai da hankali kan garuruwa da sana'o'i da ƙaurar mutane da yadda tsarin sarauta ya riƙa sakewa. Shi ba almajirin Derida ba ne, hanyarsa ta masana tarihi ce, amma a wannan gaɓar aikinsu ya yi kama, don dukansu kalmar da aka ɗauka ba ta da tambaya ita suka tsare da tambaya.

RUBUTUN BATURE DA MAGANAR TSOHO

Akwai wani wurin da suka sake haɗuwa. Na faɗa a baya cewa a Turai magana ce mowa rubutu bora. To a tarihinmu da aka rubuta zamanin Turawa abin juyewa ya yi. In tsoho ya ba da labari a ƙofar gida sai a ce ai tatsuniya ce, sai an tace. In Bature matafiyi ya rubuta a littafi sai a karɓa hannu bibbiyu. Bala Usman ya yi wata maƙala a 1977 a kan Dokta Barth da zuwansa Katsina, inda ya ce shi ma rubutun a ɗora shi a kan sikeli ɗaya da na baka.

Barth Bajamushe ne da gwamnatin Ingila ta turo, yana kiran kansa Abdulkarim. Ya shigo Katsina a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje, ya sake dawowa a 1853 a kan hanyarsa ta Sakkwato da Tumbuktu. Zuwansa na farko bai ji daɗi ba, don kayansa sun riga sun wuce Kano, aka tsare shi kwanaki ana ciniki a kan kyautar da zai ba sarki. Ya rubuta cewa ganuwar birnin ta kai mil 13 zuwa 14 a kewaye, amma mutanen ciki ba su fi dubu 7 ko 8 ba, inda yake ganin da can sun kai dubu 100. Wannan lissafin aka riƙa maimaitawa a matsayin shaidar cewa Katsina ta mutu bayan jihadi.

Mai warwara zai ce, tsaya. Dubu 100 ɗin nan ƙirga su ya yi? A'a, daga faɗin ganuwa ya ƙiyasta, alhali ganuwar birnin Hausa takan kewaye har da gonaki saboda lokacin yaƙi. Kwana nawa ya yi, a hannun wa ya sauka, daga bakin wa ya ji labari, kuma da wace zuciya ya rubuta? Bugu da ƙari, shi Barth ɗin a cikin littafin nan nasa ya yaba ƙasar Katsina ya sa ta cikin mafi kyawun ƙasashen da ya ratsa. Ke nan birni daban, ƙasa daban. Ba a ce a jefar da Barth ba, don ya ga abubuwan da ba wanda ya rubuta mana sai shi. An dai ce shi ma mutum ne, da ido biyu da ɓacin rai kamar kowa.

AMFANINTA DA IYAKARTA

Wani zai ce, to Hajiya, duk wannan tone-tonen na mene ne, mutanen nan ai sun daɗe a ƙasa? Amsa ita ce su sun tafi amma kalmomin suna nan suna aiki. Yarinya nawa aka hana wanda take so don an ce ba shi da asali, kakansa bawa ne, ko maƙeri, ko mahauci? Mu marubuta ba mu ƙirƙiro wannan ba, a gidaje muka gan shi. Alhali labarin da muke taƙama da shi ya ce ba don maƙeri ba da jarumin bai sami wuƙa ba.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne abin da ya sami ƙauyukanmu a shekarun nan, su Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a watan Disamba na 2020. An kashe mutane, an kore shanu, an ƙona rumbuna, wannan ba wata warwara da za ta goge shi, kuma duk wanda ya yi a hukunta shi da sunansa. Amma da zarar an ce "Fulani ne" ko "Haɓe ne" sai laifin ɗan ta'adda ya hau kan mai tallan nono da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ko kan manomin da bai taɓa riƙe bindiga ba. A ƙasar da da wuya ka sami gidan da ba a yi auratayya ba, ina za a sa wuƙar a yanka? Wa zai raba jinin jikarsa gida biyu?

Sai dai hanyar tana da iyaka, kuma masu sukarta ba su rasa hujja ba. A 1992 da Jami'ar Kambirij ta Ingila ta so ba Derida digirin girmamawa, wasu manyan masana suka yi ca, suna cewa rubutunsa duhu ne da wasa da kalmomi, sai da aka kaɗa ƙuri'a kafin ya samu. Tsoronsu shi ne a wayi gari yara suna cewa babu gaskiya sam, kowa da tasa. Wannan haɗari ne na gaske, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, kusheyin Durɓi suna nan a Mani, abin da ya faru a 1807 ya faru. Haka kuma ba a yin warwara don a ɗauki bora a mai da ita mowa, a ce yanzu kuma Banza Bakwai ne na kirki, ko Haɓe ne masu gari kowa baƙo. Wanda ya yi haka kishin dai ya ci gaba da shi, ɗaki kawai ya sake wa matan.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Malamai su ci gaba da koyar da labarin Bayajidda, don gadonmu ne kuma labari ne mai daɗi. Amma in yaro ya tambaya wa ya ce da su banza, a ajiye bulala a zauna da shi a bi labarin tare, a nuna mashi Ayana da maƙeran Gaya da Bagwariya, a gaya mashi Sarkin Musulmi Bello ya ji wata ruwayar daban. Mu iyaye mata kuma, da mu ne muke fara sa wa yara kalmomi a baki, mu riƙa tauna su kafin mu ba su.

Nan zan dasa aya. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa mu dace, amin.